Yadda Ake Zaɓen Babban Keken Tsauni Mai Shokazoba Gaba da Baya don Hanyoyin Accra da Kewaye

Duk wanda ya taɓa tashi daga Madina ko Adenta da sanyin safiya, ya bi ta Oyarifa zuwa Ayi Mensah, ya haura tudun Peduase har Aburi, sannan ya bar kwalta ya faɗa hanyoyin gonaki, ya san cewa a fita guda keke yakan gamu da ƙasa iri uku ko huɗu. Akwai dogon hawa mai cin numfashi, akwai jar marmara da ruwan sama ya zaizaye ya bar ramuka, akwai saiwoyin itatuwa masu santsi a inuwar gonakin koko, in kuwa ta wajen Shai Hills aka nufa sai a tarar da rairayi da duwatsu da ƙaya. Keken da zai iya da duk waɗannan ba tare da ya galabaitar da mai shi ba shi ne keken tsauni mai shokazoba biyu, ɗaya a fok ɗin da ke riƙe da tayar gaba, ɗaya kuma a tsakiyar firam tana tausasa tayar baya. Manyan irin wannan keke ana sayar da su a Turai da Amurka daga wajen dala 4,000 har sama da dala 10,000, kafin a zo ga kuɗin jirgi da na kwastan a Tema ko filin jirgin sama, kuma wanda zai fitar da irin wannan dukiya ya cancanci ya san abin da yake saye ciki da bai.

Matsayata tun daga farko ita ce, ga mazaunin Accra keke mafi kyau shi ne wanda ya dace da hanyoyin da yake bi da gaske, kuma zai iya gyara shi a nan gida idan ya sami matsala. Sunan kamfani da ƙyallin fenti suna zuwa ne daga baya.

Abu na farko da za ka duba shi ne zurfin shokazoba, wato yawan milimitocin da taya take iya lotsawa sama idan ta daki dutse. Kekunan tseren gudu suna da milimita 100 zuwa 120, suna da sauƙin nauyi kuma suna hawa kamar akuya, amma a gangara mai gargada sukan sa hannu da ƙugu su yi tsami. Kekunan da aka ƙera domin manyan gangara suna da milimita 160 zuwa 180, waɗanda kuwa ba su da aiki sai saukowa daga kan tsauni sukan kai 200. Tsakanin waɗannan akwai kekunan hanya gauraye, masu milimita 130 zuwa 150 a baya da 140 zuwa 160 a gaba, irin su Specialized Stumpjumper da Trek Fuel EX da Santa Cruz Hightower da Ibis Ripmo da Giant Trance X da Canyon Spectral. A nan ya kamata idonka ya tsaya. Matasa da yawa sukan ga bidiyon masu tsalle a tsaunukan Faransa ko Kanada sai ransu ya biya ga keke mai milimita 170, alhali kuwa a hanyoyin gonakin tuddan Akuapem, inda Aburi take, babu motar da za ta kai mutum ƙololuwa, da ƙafarsa zai hau, cikin zafi da gumi, kuma kowane ƙarin kilo sai ya ji shi a cinyarsa. Keke mai milimita 140 a baya da 150 a gaba, wanda nauyinsa bai wuce kilo 14 zuwa 15 ba, ya ishi kusan kowace hanya da na sani tsakanin Aburi da Mampong da Dodowa.

Bayan haka sai girman keken da tsarin ƙirarsa, kuma a nan ne kuskure ba ya gyaruwa da kuɗi. Kamfanoni suna wallafa jadawalin ma'aunin kowane firam, kuma lambobi uku ne suka fi muhimmanci a ciki. Na farko shi ne karkatar fok: idan ta kasance digiri 64 zuwa 65 da rabi, tayar gaba tana yin gaba sosai, keken ya natsu a gangara, ba ya neman jefa mahayi ta kan sitiyari. Na biyu shi ne miƙewar sandar sirdi, wadda ake so ta kai digiri 76 zuwa 78, domin mahayi ya zauna daidai bisa feda a lokacin hawa, kada tayar gaba ta riƙa ɗagawa. Na uku shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar feda da kan keke idan an auna ta a kwance, wadda ita ce ke nuna ko keken ya yi maka daidai yayin da kake tsaye a kan feda. A yawancin kekunan zamani, matsakaicin firam yana da milimita 450 zuwa 460, babba kuma 475 zuwa 485. Kada ka dogara da harafin M (matsakaici) ko L (babba) da aka manna, saboda L na wani kamfani yakan zama M na wani. Ka sami aboki mai keken da ka ji daɗin hawansa, ka nemo ma'auninsa, ka gwada da na wanda kake son saye. Idan tsayinka ya faɗa tsakanin girma biyu, ka tuna cewa hanyoyin gonakinmu ƙafa ce ta fitar da su, suna da kwana masu tsauri a tsakanin ayaba da rogo, don haka ƙaramin ya fi saurin juyawa, babban kuma ya fi natsuwa a gudu.

Batun girman taya ba ya buƙatar dogon bayani. Mai inci 29 ta fi iya taka ramuka da saiwoyi ta wuce, kuma ita ce ta mamaye kasuwa, saboda haka samun tayarta ya fi sauƙi. Wanda bai kai santimita 165 ba zai iya duba keke mai 29 a gaba da 27.5 a baya, domin kada tayar baya ta riƙa taɓa shi idan ya ja jiki baya a gangara.

Firam na kabon, wato wanda aka yi da zaren kabon da aka daskarar da gam, ko na alminiyam? Firam ɗin kabon ya fi sauƙin nauyi da abin da bai cika wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya ba, yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ba ya tsatsa. Sai dai idan dutse ya dake shi da kaifi yakan tsage daga ciki ba tare da ido ya gani ba, gyaransa kuma sai ƙwararre na musamman. Alminiyam yakan loɓa ya nuna inda ya ji ciwo, kuma ya fi haƙuri da sanyawa a bayan mota ko but ɗin tasi. Idan kuɗinka ɗaya ne kuma aka ba ka zaɓi tsakanin firam ɗin kabon mai matsakaitan kaya da na alminiyam mai manyan shokazoba da birki, ka ɗauki na alminiyam ba tare da waiwaye ba. Wanda aljihunsa ya isa ya haɗa biyun, to madalla, amma ya sayi sifana mai auna ƙarfin ɗauri, domin yawancin notocin kan keke da na sandar sirdi a kan kabon ba a so a wuce ma'aunin da aka rubuta a jikinsu, wanda galibi yake tsakanin 4 zuwa 6 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm.

Shokazoba ita ce zuciyar wannan keke, kuma a kanta ne tsada take da hujja. Kamfanoni biyu ne suka fi yawa a kasuwa, Fox da RockShox. A wajen Fox, lambar da ke jikin fok tana nuna kaurin sandunansa da milimita, wato 34 ko 36 ko 38, a wajen RockShox kuwa Pike da Lyrik suna da 35, ZEB kuma 38. Ga hanya gauraye, Fox 36 ko Lyrik sun fi dacewa da mai jiki ko mai son gudu a gargada, Fox 34 da Pike kuma sun ishi mai sauƙin nauyi. Kowane samfuri yana da matakai. Fox suna da Performance da Performance Elite da Factory, RockShox kuma Select da Select+ da Ultimate. Ga wani abu da zai taimaka maka wajen tsimin kuɗi: Performance Elite da Factory kayan cikinsu ɗaya ne, bambancin kawai shi ne ruwan zinariyar da ake kira Kashima a sandunan Factory. Mai neman aiki ba ado ba, baƙin ya ishe shi.

Akwai shokazobar baya mai iska da mai sifirin. Mai sifirin tana da laushi kuma ba ta cika damuwa da zafi ba, amma ta fi nauyi, kuma idan ba ta dace da nauyinka ba sai ka sayi wani sifirin daga waje. Mai iska kuwa da ɗan ƙaramin famfonta na musamman ake daidaita ta cikin minti biyar, shi ya sa nake ganin ita ta fi dacewa da mu. Ka nemi wadda take da ƙaramin tulun mai a gefe, kamar Fox Float X ko RockShox Super Deluxe, domin man da ke ciki ya fi yawa kuma ba ya saurin ɗaukar zafi a doguwar gangara. Yadda ake daidaita ta shi ne ka sa kayan hawanka gaba ɗaya, har da ruwan sha, ka zauna a hankali a kan keken wani yana riƙe maka, ka tura zoben robar da ke jikin sandar ya taɓa bakin shokazoba, sannan ka sauka ba tare da girgiza ba ka auna inda zoben ya tsaya. Ana so ya nuna kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon sandar a baya, da kashi 15 zuwa 20 a gaba. Misali, idan sandar baya tana tafiyar milimita 55, zoben ya tsaya a wajen milimita 16. Na sha ganin keken dala dubbai da aka cika wa iska ya yi tauri kamar amalanke, mai shi yana ƙorafin cewa an cuce shi, alhali famfo da ma'auni kawai ya rasa.

Za ka ji sunaye da yawa na tsarin gaɓoɓin da ke haɗa tayar baya da firam: FSR na Specialized, VPP na Santa Cruz, DW-link na Ibis da Pivot, Maestro na Giant, ABP na Trek. A wannan matakin farashi dukkansu suna aiki da kyau, kuma ba na ganin mutum ya ɓata dare yana kwatanta su. Abin da ya kamata ka ƙirga shi ne yawan boris ɗin da ke cikin gaɓoɓin da kuma lambobinsu, saboda taɓon watan Yuni da ƙurar hunturu su ne abokan gabarsu, ga kuma iskar teku mai gishiri ga waɗanda ke zaune kusa da gaɓa. Boris mai lamba ta gama-gari, kamar 6902 ko 6802, ana iya neman irinsa a wurin masu sayar da boris ɗin injuna idan an matsu, ko da yake wanda aka yi musamman domin gaɓoɓin keke, mai cike da ƙwallaye, ya fi ƙarko.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Keken farko mai shokazoba biyu da na mallaka na hannu ne, wani ɗan'uwa ya sako mini shi a kwantena, kuma kyakkyawa ne sosai. Bayan wata huɗu, ina saukowa daga Aburi sai na ji bayan keken yana ta bugawa har ƙasa, da na tsaya na duba sai ga mai ya jiƙa sandar shokazoba, jar ƙura ta manne masa. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke a Nima wanda ya shekara aru-aru yana wannan sana'a. Ya juya shokazobar a hannunsa, ya goge ta da tsumma, ya daɗe yana kallon bakinta, sannan ya ce, “Ɗana, sarƙa da birki da ɗaurin wili duk aikina ne, amma wannan robobin cikinta ne suka mutu, kuma ba na buɗe abin da ba ni da kayan mayar da shi.” Na ce, “To Baba, ko za a sa mata wata?” Ya auna tsawonta da kan ƙusoshinta, ya girgiza kai. Ashe an ƙera ta ne domin wannan firam kaɗai, babu wata da za ta shiga gurbinta. Keken ya yi wata uku a jingine a zaure kafin a samo robobin, damina guda ta wuce ni. Tun daga ranar nake gaya wa duk mai shirin saye ya tabbatar shokazobar bayansa mai ma'auni na gama-gari ce, irin su 210 da 55 ko 230 da 60 (tsawonta da tafiyar sandarta a milimita), wadda za a iya cire ta a sa ta kowane kamfani.

Wannan ƙa'ida ta shafi sauran sassan keken. Ka fifita firam mai gidan feda na zare, wanda ake murɗawa a kwance da sifana, a kan wanda ake dannawa da matsi, domin na matsi yakan soma ƙara idan ƙura ta shige shi kuma cire shi sai da kayan aiki na musamman. Ka duba faɗin gindin wili ya zama na Boost, wato milimita 148 a baya da 110 a gaba, domin shi ne ya fi yawa. Ka nemi firam mai maratayin giya na UDH, wanda SRAM suka fitar a 2019 kuma kamfanoni da dama suka karɓa. Wannan ɗan ƙarfen shi ne ke lanƙwashewa ko karyewa idan keke ya faɗi ta dama, kuma a da kowane firam da irin nasa. Sannan ka guji keken da aka bi da wayoyin birki ta cikin boris ɗin wuyan sitiyari domin ado, saboda canza wannan boris ɗin kaɗai sai an kwance birki an sake ɗura masa mai.

Birki kada ya gaza mai fistin huɗu gaba da baya, da faifai mai milimita 200 ko 203 a gaba da 180 a baya. Shimano suna amfani da man ma'adini nasu, yawancin tsoffin birkin SRAM kamar Code kuma suna amfani da man DOT irin na mota, wanda ake samun lamba 4 ɗinsa a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, ko da yake sabon Maven nasu ya koma man ma'adini. Haɗa waɗannan mai biyu yana kumbura robobin birki ya lalata shi gaba ɗaya, don haka ka karanta murfin da kanka kafin ka miƙa wa kowane mai gyara. Takalmin birki na ƙarfe ya fi na roba daɗewa a cikin laka.

A ɓangaren giya, duk manyan kekuna yanzu faranti ɗaya gare su a gaba da goma sha biyu a baya, daga haƙora 10 zuwa 51 a Shimano, 10 zuwa 52 a SRAM. Shimano SLX ko XT, ko SRAM GX, sun wadatar. Manyan matakansu, XTR na Shimano da XX na SRAM, sun fi sauƙin nauyi da 'yan giram kaɗan amma kuɗin canza su idan ƙasarmu ta cinye su ba kaɗan ba ne. Giya mai batir maras waya tana da daɗi kuma ba ta jin ƙura kamar mai waya, sai dai idan ta karye a daji babu dabarar da za a yi mata, alhali wayar giya kowane mai gyara yana da ita. Faranti mai haƙora 30 a gaba ya fi 32 tausayin gwiwa a hawan Akuapem. Sandar sirdi mai sauka da tashi da maɓalli wajibi ce, mai tafiyar milimita 150 zuwa 200 gwargwadon tsawon ƙafarka, domin sauke sirdi kafin gangara shi ne ke ba jiki wurin motsi.

Taya kuwa kada ka yarda da duk wadda keken ya zo da ita ba tare da dubawa ba, saboda kamfanoni sukan sa mai siririn bango domin nauyin keken ya yi kyau a takarda. Faɗin inci 2.4 zuwa 2.5 a kan rim mai faɗin ciki milimita 30 shi ne daidai. Maxxis Minion DHF ko Assegai a gaba da DHR II ko Dissector a baya haɗi ne da ya daɗe yana aiki, kuma a matakan ƙarfin bangon tayar Maxxis, EXO+ ne mafi ƙarancin da zan sa a baya a kan duwatsun Shai. A cire tib gaba ɗaya a zuba ruwan toshe huda, wanda yake like ramin ƙaya tun kana tafiya. Sai dai a zafinmu wannan ruwan yana saurin bushewa, don haka ka riƙa girgiza tayar kana saurare duk bayan wata biyu, in ba ka ji motsinsa ba ka ƙara. Mai nauyin kilo 75 zai iya farawa da iska 23 a gaba da 26 a baya a ma'aunin psi, sannan ya rage ko ya ƙara bisa ga yadda ya ji.

Idan na hannu za ka saya, ka sani cewa garantin firam a mafi yawan kamfanoni na mai saye na farko ne kawai. Ka wanke keken ka duba shi a hasken rana, musamman ƙasan babbar sandar firam da kewayen gidan feda da wuraren walda. Ka ɗaga sirdi a hankali ka saurara ko akwai ƙas-ƙas a gaɓoɓi, ka kama tayar baya ka girgiza ta hagu da dama, ka bi sandunan fok da farce ko akwai ƙarzuwa, domin ƙarzuwa ɗaya takan yanka roba ta sa yoyo. Ka tambayi ranar da aka yi wa shokazoba sabis na ƙarshe. RockShox sun ce a yi wa ƙafafun fok ƙaramin sabis duk bayan awa 50 na hawa, babba kuma bayan awa 200, Fox kuwa sun ce awa 125 ko shekara guda. Ƙaramin sabis ɗin, wato canza mai da soson ƙura, mutum zai iya koyonsa a gida, kuma a lokacin hunturu ya kamata a yi shi tun kafin awoyin su cika.

Ko sabo ne ko na hannu, ka ware kusan kashi goma cikin ɗari na kuɗin domin kayan da za su shigo cikin kwali ɗaya da keken: famfon shokazoba, robobi da man sabis na fok da na baya, saitin boris na gaɓoɓi, maratayin giya biyu, takalman birki guda huɗu da kayan ɗura musu mai, sarƙa biyu da ma'aunin cinyewarta domin a canza ta da zarar ma'aunin ya nuna 0.5, tayar baya guda, ruwan toshe huda lita ɗaya, da hular kwano mai rufe ƙeya wadda ta yi wa kanka daidai. Ranar da keken ya iso, ka rubuta lambar firam ka adana tare da takardun kwastan, ka daidaita shokazoba kamar yadda aka bayyana, sannan ka yi fitar farko a hanyar da ka sani sarai, da famfo a aljihu, kana rubuta duk lambar da ka canza.